Garin Taya a Hanyar Achika

Shekarar da sojoji suka koma bariki, Zubairu yana aiki da wani kamfanin yin hanya a Kudu. Shekara bakwai ya yi yana auna zafin kwalta yana sa hannu a takarda, kuma cikin hanyoyin da ya sa wa hannu babu wadda ta ga damina ta huɗu ba faci. Da aka buɗe jami'a a Wudil ya nemi koyarwa, aka ɗauke shi. Ya dawo gidansu a Darki, kullum da safe ya hau babur ya taho gari.

Hanyar ce ta hana shi sakat. Ran Juma'a tirelolin shanu sukan fito daga kasuwar kara a jere, kowace an danƙare ta. Da bazara kwalta takan yi laushi, tayoyi su nutse su bar kwari biyu kamar kunyar gona. Da sanyi ta ƙandare ta tsattsage. Ruwa na sauka sai ya bi tsagar, kafin gero ya nuna rami ya buɗe. Zubairu ya san ramukan ɗaya bayan ɗaya, har ya san wanda aka cike da jar ƙasa jiya da wanda ya ƙara faɗi.

Tun yana Kudu ya karanta cewa akwai ƙasashen da ake niƙa tsohuwar taya a dafa garin cikin kwalta. Robar kan ba ta danƙo, ta hana ta narkewa a rana, ta hana ta tsagewa a sanyi. Abin ya daɗe a ransa. Wata Asabar ya ajiye babur a bayan kasuwa, ya nufi rumfar mai yankan taya.

Sunansa Haladu, mutumin Kausani, dattijo siriri da ya haura hamsin. Daga taya yake fitar da takalmi da guga da komin ba dabbobi ruwa da igiyar ɗaure kaya. Yana zaune a kan kututture, ya maƙale tayar babbar mota tsakanin gwiwoyinsa, wuƙa tana tafiya a jikinta kamar mai feraye kabewa.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba."

"Alaikumus salam. Yawwa, sannu. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya kasuwa?"

"Da godiya. Ya mutan gida? Ya zafi?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Madalla. Takalmi ne ko guga?"

Zubairu ya nuna tarin guntayen da ke gefen rumfar. "Wancan nake so."

"Wancan ai shara ce. Masu babbaka kai da ƙafa ke zuwa su kwasa."

"Hanya nake so in yi da shi."

Haladu ya tsayar da wuƙa, ya dube shi daga hula har takalmi. Zubairu ya tsuguna ya yi masa bayani, yana zane da tsinke a ƙasa. Dattijon bai katse shi ba. Da ya gama, Haladu ya ɗauki guntun roba ya lanƙwasa, ya sake shi ya miƙe.

"Shekara talatin ina yanka abin nan," in ji shi. "Na ga takalmin da na yi wa mutum, mutumin ya mutu, ɗansa yana sawa. Rana ba ta cin ta, ruwa ba ya cin ta. Amma wuta fa, Malam? Ka taɓa shaƙar hayaƙinta?"

"Ba ƙona ta za mu yi ba. Jiƙa ta za mu yi a kwalta mai zafi, ta kumbura, ta haɗe."

"To. Ka dawo jibi. Mu ga ko za ta yarda."

Wata bakwai suka yi a bayan rumfar nan. Zubairu ya ɗauko wani tsohon injin niƙa da aka yasar a gidan kawunsa, Haladu ya wasa masa faranti. Sai an yanka roba ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa kafin injin ya karɓa, kuma Haladu ne ke yankawa, daga hantsi har la'asar, tsakanin masu sayen takalmi. Wayar da ke cikin taya suka riƙa tsincewa da maganaɗisun tsohuwar lasifika. Zubairu kan taho daga aji da alli a hannun riga, ya tuɓe rigar ya rataye, ya hura wuta ƙarƙashin rabin duro.

Suna dafa kwalta, su zuba garin, su juya, su haɗa da tsakuwa, su daddanna a gwangwani su fitar da curi. Wasu curin su ɗora a kan kwanon rumfa su sha rana, wasu su nutsa a randa sati guda. Daga nan su kai gareji, su sa curi tsakanin jak da gindin babbar mota, su yi ta ɗagawa har ya fashe. Zubairu yana rubutawa a littafi.

Na farkon duk ba su yi ba. In roba ta yi yawa, abin ya ƙi bin tsakuwa. In ta yi kaɗan, babu bambanci da kwaltar kowa. Da suka gano daidai ɗin, sai wata matsala ta fito: kwaltar tana tsiyayewa ƙasa tun kafin ta huce, saman curin ya zama tsakuwa zalla.

"A can waje akwai wani zare da suke sawa ya riƙe ta," in ji Zubairu wata rana, yana juya fasasshen curi a hannu. "Mu ina za mu gan shi?"

"Wane irin zare?"

"Siriri, gajere. Mai shan kwalta."

Haladu ya goge wuƙa a cinya. "Maginin ƙasa ba ya kwaɓa ƙasa zalla, sai ya sa mata ciyawa. Ka gwada rama mana."

Zubairu ya yi dariya, ya ce za ta ƙone. Ba ta ƙone ba. Washegari Haladu ya zo da ƙullin zaren rama da matarsa Murja ta tsefe ta yayyanka, kowane bai kai gaɓar yatsa ba. Curin da suka yi da shi bai tsiyaye ba. Da suka sa shi a jak, ya lotsa ya lotsa, ya ƙi rabuwa biyu. Mai garejin da kansa ya sunkuya ya leƙa.

"Wannan ai ƙashi ne da jijiya," in ji shi.

Ran nan Haladu ya sayo rake, suka zauna a inuwar mota suna sha. Zubairu ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba.

Saura wurin gwadawa. Curi ba hanya ba ne, sai mota ta taka. Zubairu ya tuna da Yahuza, wanda suka yi firamare tare a Darki. Tun da siyasa ta dawo Yahuza ya bar sayar da taki ya zama ɗan kwangila, ya je Makka, yanzu kuma yana neman tsayawa takara. An ba shi aikin zuba kwalta a wata 'yar hanya da ta nufi ƙauyukan Achika.

Yahuza ya saurare shi yana kaɗa makullin mota. "Mutumina, kai har yanzu kana nan da wahalar da kai. Taya a hanya? To ai dama a hanya take."

"Alhaji, mita ɗari da hamsin kawai nake roƙo."

"Na ba ka. Akwai wani kwari kafin ka kai tsamiyar nan, inda ruwa ke kwanciya. Ko me na zuba a wurin, damina ɗaya ce. Ɗauki can. In ya lalace a ce wurin ne, in ya yi kyau a ce ni ne." Ya yi dariya. "Amma ka ji sharaɗi. Ran Alhamis ta sama manyan jam'iyya za su zo ganin aiki. Ba na so su ga jar ƙasa ko taku ɗaya."

Suka kai buhunan garin taya bakin aikin, suka jera a gindin tsamiya, suka rufe da tamfol. Buhunan rama Haladu ya ce a bar su a gidansa tukuna. Ƙarshen watan Mayu ne. Ran Litinin da la'asar hadari ya taso daga gabas, iska ta yaye tamfol ɗin ta maƙala shi a reshe, ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya.

Talata gari ya waye da lumshi, babu rana. Leburori sun hura wuta ƙarƙashin durorin kwalta tun da sassafe, rola tana tsaye tana jira. Haladu ya kwance bakin buhu ya tura hannu.

"Malam, zo ka ji."

Zubairu ya tura nasa har gwiwar hannu. Saman a bushe yake. Can ciki kuwa akwai sanyi, garin yana manne wa yatsu. Ya san abin da ruwa ke yi in ya haɗu da kwalta mai zafi. Ya koyar da shi a aji, ya ma taɓa gani da idonsa a Kudu.

"A shanya shi," in ji Haladu. "Kwana biyu, in an samu rana."

Yahuza yana tsaye a bayansu. "Kwana biyu? Rolar nan aro ce, gobe da yamma mai ita zai ɗauke abinsa. In ba ku shirya ba ku faɗa mini, yanzu in sa a zuba tawa a wuce wurin."

Zubairu ya dubi sama, ya dubi buhunan. Wata bakwai na yanka da niƙa suna jere a gabansa. Ya zare hannunsa ya goge a wando.

"Damshin ba shi da yawa," ya ce. "Za mu riƙa zubawa kaɗan-kaɗan."

Haladu ya dube shi. Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki muciyar ƙarfen da suka ƙera don juyawa, ya hau kan katakon da aka gitta a gefen duro. Ba ya yarda wani ya juya, wai leburori ba su san lokacin da take kamawa ba.

Duro na farko ya yi lafiya. Kwaltar ta ɗan yi tsuwa, ta ɗan yi kumfa, ta kwanta. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Aka haɗa da tsakuwa da rama, aka kwasa a baro, aka baje, rola ta bi ta kai. Baƙi wuluk, sumul. Hankalin Zubairu ya kwanta. Yahuza ya kira shi ya zo ya ga yadda gefen ya fita, ya tafi.

Buhun da aka buɗe wa duro na huɗu na ƙasa ne, wanda ya kwana a cikin ruwa. Zubairu yana tsugune yana auna kaurin shimfiɗar sai ya ji wata ƙara kamar an tsoma ƙarfen maƙera a ruwa. Ya juyo. Kwalta ta taso daga duron, baƙin kumfa ya kumbura ya haura baki. Haladu ya ja da baya, katakon ya goce. Ya miƙa hannuwa don ya dafa, ya dafa bakin duron.

Bai yi ihu da fari ba. Ya faɗi zaune, ya ɗaga hannuwansa yana kallo. Na dama ya rufe da kwalta har kusa da kafaɗa, tana hayaƙi. Tafin hagu ma haka, da gefen wuya. Sai da Zubairu ya iso kansa sannan sautin ya fito.

Leburori suka yi caa. Wani ya ce a ɓare ta, wani ya ce a kawo kananzir, wani ya ce ɗanyen ƙwai.

"Kar wanda ya taɓa!" Zubairu ya daka tsawa. "Ruwa! Ku kawo ruwa!"

Suka juye masa ruwan rola, da na shan leburori, da na wata mata da ta taho daga rijiya. Haladu yana salati, haƙoransa suna haɗuwa. Aka kwantar da shi a bayan a-kori-kurar Yahuza, Zubairu ya tallafe kansa a cinya. Kowane rami motar ta faɗa sai dattijon ya yi nishi. A asibitin gari aka sa masa ruwa, aka ce a wuce da shi Kano.

Murja ta iso da magariba tare da ƙaninta. Mace ce gajera mai ƙaramar murya. Ta leƙa ɗakin, ta fito, ta zauna a kan benci ta rufe fuska da mayafi. Zubairu ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa. Ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce kwalta ce ta taso. Ba ta ƙara tambaya ba.

Laraba da safe saƙon Yahuza ya same shi: saura mita casa'in, in bai zo ba za a rufe da kwaltar kowa. Zubairu ya tsaya a bakin ƙofar asibitin ya daɗe. Daga baya ya hau mota ya koma.

A wurin aikin ya sa aka ɓalle fallen kwano biyu, aka ɗora a kan duwatsu, aka hura ƙaramar wuta a ƙasa. Aka riƙa baje garin a kai ana motsawa kamar suyar gyaɗa. Tururi ya yi ta tashi. Cikin awa biyu duk buhunan sun bushe ƙarau. Awa biyu. Zubairu ya tsaya yana kallon kwanon. Sannan ya ɗauki muciyar ya hau katakon da kansa. Kafin la'asar an gama.

Da ya koma Kano, Murja tana nan a kan bencin. Ta dubi farcensa da ɗigon kwalta a wandonsa.

"Yau aka shiga da shi aka kankare masa kwaltar," ta ce. "Tun daga nan nake jin sa. Ya yi ta tambaya ina Malam."

"Inna, aikin ne ya..."

"An gama?"

"An gama."

"To madalla. Tunda an gama."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafi ta juya fuska ga bango.

Ran Alhamis manyan jam'iyya suka zo da motoci tara. Suka bi ta kan wurin da gudu, ba wanda ya sauke gilashi. A ƙarshen hanya aka yanka ƙyalle, aka yi jawabi, maroƙa suka wasa Yahuza.

Haladu ya yi wata biyu da kwana goma a gado. An yanke masa yatsu biyu a dama, sauran ukun suka ƙandare a lanƙwashe. Tafin hagu ya warke, amma fatar ta ɗaure, ba ya iya dunƙulewa. Da aka sallame shi ya sa aka kai shi rumfa. Ya zauna a kan kututturen, ya sa aka maƙala masa wuƙa tsakanin yatsun, ya kai ta jikin taya. Ta suɓuce ta faɗi. Aka sake maƙalawa, ta sake faɗuwa. Ya ce a kai shi gida. Bayan sati biyu wani ya karɓi rumfar ya zuba robobin ruwa.

Zubairu ya riƙa zuwa Kausani duk Juma'a bayan masallaci, da ɗan hatsi ko magani a bayan babur. Murja takan shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta ajiye ruwa, ta koma ciki. Su zauna da Haladu su yi maganar damina da tsadar taki da wanda ya rasu. Ba sa maganar hanya.

Amma Zubairu yana zuwa can. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi yakan je da igiyar awo da littafi. Ruwa ya kwanta a kwarin kwana uku a watan Agusta, ya janye, shimfiɗar tana nan. Gaba da ita da bayanta kuwa, tun kafin kaka kwaltar Yahuza ta fara ɓarewa kamar ɓawon rogo. Masu acaɓa suka gane wurin, in sun iso sai su saki hannu ɗaya su gyara zama. Matan ƙauye suka fara shanya barkono a gefensa don ba ya tara ƙasa.

Da kaka ta yi, wata Juma'a, ya kasa riƙewa.

"Baba, wurin nan bai tsage ba. Ko layi ɗaya."

Haladu ya gyaɗa kai. "Na ji a bakin masu babur."

Zubairu ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma. "Akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Ran nan da na sa hannu a buhun, na ji ruwan. Na san abin da zai iya yi. Na sani sarai, na ce a zuba."

"Na san ka sani."

"Kuma awa biyu ce kawai. Da na tsaya na yi tunani, a kan kwano..."

"An gaya mini wannan ma." Haladu ya ɗora hannun daman a kan gwiwa, ya daɗe yana kallonsa. "Malam, ni ma na sa hannu a buhun nan. Na girme ka da shekara ashirin. Da na ce ba zan hau katakon ba, wa zai ɗora ni? So nake in ga abin a ƙasa, kamar yadda kake so. Wata bakwai ina yanka." Ya numfasa. "Ban ce ba ka da laifi ba. Kana da shi. Wasu ranaku in na tashi na kasa ɗaura mazagin wandona, sai in ji ba na son ganin ka. Ran nan in ka zo, haƙuri nake yi."

Daga cikin gida Zubairu ya ji an ajiye taɓarya, an yi shiru. Ya san Murja ta ji.

Tun daga ranar ba ta ƙara kawo ruwan da kanta ba, sai ta aiko.

Damina ta biyu ta wuce, wurin yana nan. Zubairu ya rubuta rahoto shafi arba'in, da hotuna da awo, ya sa sunan Haladu a ƙarƙashin nasa. Ya kai ofisoshi uku a birni. Ko'ina aka karɓe shi da mutunci, aka ba shi kujera, aka ce abu ya yi kyau, za a neme shi. Wani ma ya tambaye shi ko Turawa sun gwada irin wannan da rama. Ya ce bai sani ba. Mutumin ya ce to a bari su gwada tukuna. Yahuza kuwa ya faɗi zaɓen fid da gwani, ya koma Abuja neman wata kwangilar, ya daina ɗaukar maganar.

Sau ɗaya Haladu ya yarda aka kai shi ya ga hanyar. Zubairu ya goya shi a babur, dattijon ya zagaye shi da hannuwa don ba ya iya riƙe ƙarfe. Da suka isa ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya taka daga wannan baki zuwa wancan a hankali. A tsakiya ya tsaya ya buga diddige sau biyu.

"Tana da taushi a ƙafa," ya ce.

Ya sa takalminsa, ya ce su tafi, rana ta yi.

A shekara ta uku aka sake ba da hanyar kwangila, tun daga farko har ƙarshe, ga wani kamfani daga nesa. Zubairu bai ji ba sai da wani ɗalibinsa ɗan Achika ya gaya masa a bakin aji cewa gireda ta kai tsamiya. Ya bar littattafansa a kan tebur ya hau babur.

Ya tarar an ci rabi. Gireda tana gurnani, haƙoranta sun kafe a ƙarƙashin shimfiɗar, tana ɗago ta falle-falle kamar ana jan kirgi. Ba ta farfashewa kamar sauran, sai ta naɗe ta ƙi tsinkewa. Ya tsaya a gaban motar yana ɗaga hannu. Direban, wani ƙato mai suna Maikano, ya leƙo.

"Malam, lafiya? Ka gaji da duniya ne?"

"Wannan wurin lafiyarsa ƙalau. Ku duba, ko tsaga babu. Ku tsallake shi."

Shugaban aikin ya taho da takarda a hannu. Ya saurari Zubairu har ƙarshe, ba tare da raini ba. Sannan ya buɗe takardar ya nuna masa. An rubuta a kankare tun daga kilomita ta farko har ta shida, a sake sabuwa. In ya bar wani wuri, masu duba aiki za su ce bai cika ba.

"Ni ma na ga ya bambanta," ya ce. "Amma ba ni na rubuta ba."

"Ka ba ni kwana biyu in je birni."

"Motar nan ba ta jira kwana biyu, Malam. Ka yi haƙuri, ka matsa."

Zubairu ya matsa. Maikano ya sake taka motar, yana mita. "Tun safe nake fama da wurin nan. Wane ne ya zuba wannan masifar? Ya ci mini haƙori ɗaya."

Aka ture fallayen gefe, aka tara su a cikin kwari tare da ɓaraguzan sauran. Zubairu ya tsaya har aka gama. Babu abin da ya rage sai jar ƙasa da sawun taya.

Ba Juma'a ba ce, amma ya wuce Kausani. Ya tarar da Haladu a ƙofar gida, a inuwar darbejiya, yana korar kaji daga shanyar dawa da ƙafa. Suka gaisa har ƙarshe, gajiya da iyali da zafi. Sannan Zubairu ya gaya masa.

Haladu ya bar korar kajin, ya juyo.

"Duka?"

"Duka."

"Ta ba su wuya?"

"Tun safe suke yi. Ta karya wa motar haƙori."

Wani abu ya motsa a gefen bakin dattijon, ya ɓace. Ya juya yana kallon kajin da suka dawo kan dawar, bai kore su ba.

"Za ka sake?" ya tambaya.

"Ban sani ba, Baba."

"In za ka sake, ka nemi wani mai yanka. Akwai Ɗantani a Darki, hannunsa ba laifi. Sai dai yana da gaggawa, ka riƙa tsaya masa."

Aka kira sallar la'asar a masallacin unguwa. Haladu ya miƙe da ƙyar, ya nufi butar da ke jingine da bango. Ya sa hannun hagu ya laluba mariƙin, ta karkace, ruwa ya zube a ƙasa. Ya tsaya yana kallon ta.

"Yaran duk suna gona," ya ce, ba tare da ya juyo ba. "Zo ka zuba mini."

Zubairu ya tashi ya ɗauki butar. Dattijon ya tsuguna ya miƙo hannuwan, shi kuma ya riƙa zubawa a hankali.